Shin har yanzu akwai buƙatar a koyi rubuta kod, wato umarnin da kwamfuta ke bi, da hannu?

Ɗalibi, Anguwan Rogo: Assalamu alaikum, manyana. Zan kawo wata magana wadda na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. A ganina, wanda ya fara koyon haɗa manhaja a yau bai kamata ya ɓata wata shida yana haddace ƙa'idojin Python, ɗaya daga cikin harsunan rubuta kod, ba, alhali tun da GitHub Copilot ya fito a 2021, ChatGPT kuma ya biyo baya a ƙarshen 2022, mutum zai iya bayyana wa waɗannan manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira (AI) buƙatarsa cikin jimla biyu su rubuta masa kod nan take. Makon jiya na haɗa wa kawuna, mai sayar da dankalin Turawa a kasuwar Farin Gada da ke Jos, 'yar manhajar da ke riƙe sunayen masu karɓar kaya bashi da lambobin wayarsu, kuma ban rubuta layi goma da hannuna ba.

Injiniya, Bukuru: Wa alaikumus salam, ƙanena. Na duba manhajar da ka turo, kuma ba zan raina ƙoƙarinka ba. Sai dai da na shigar da sunan Ɗanladi, ƙin karɓa ta yi, domin layin da ke tantance suna ya amince ne kawai da haruffan a zuwa z na Turanci, wato duk sunan da ke ɗauke da ɗ ko ƙ ko ɓ a wurinsa ba suna ba ne. Lambar waya kuma ta ajiye ta a matsayin adadin lissafi maimakon rubutu, shi ya sa sifilin farko na 0803 yake ɓacewa, kuma babu wani gargaɗi da zai fito maka. Injin da aka horar da shi a kan kod ɗin da galibi masu aiki da Turanci suka rubuta, abin da ya saba gani shi zai miƙo maka. Gyaran bai kai minti biyar ba, amma ga wanda ya iya karanta layin.

Ɗalibi: Yaya, ai da na gaya masa zai gyara da kansa.

Injiniya: Zai gyara kuwa. Wa zai gaya maka ka gaya masa?

Akanta mai ritaya, Nasarawa Gwong: Injiniya, ka yi haƙuri, ni ina bayan yaron nan. Lokacin da Excel ya shigo ofisoshinmu, manyanmu sun rantse cewa duk wanda bai iya haɗa lissafi a babban littafi da biro ba, ba zai taɓa zama akanta ba, yau ga shi babu mai waiwayar littafin. Ku ma a fanninku haka aka yi: kafin harshen rubuta kod na Fortran ya zo a 1957, da harshen da ke kusa da na injin kansa ake rubutu, kuma ban ga ɗayanku da ke kewar wannan wahala ba. Me ya sa a kan wannan matakin ne kaɗai za ku ce a tsaya?

Injiniya: Ranka ya daɗe Baba, tambayar tana da nauyi, amma akwai bambanci. Idan ka ba Excel lissafi ɗaya sau dubu, amsa ɗaya zai ba ka sau dubu, haka ma manhajar da ke juya Fortran zuwa harshen inji, ƙa'ida tsayayya take bi. Waɗannan sababbin kuwa hasashen kalma ta gaba suke yi bisa abin da suka saba gani, don haka tambaya ɗaya za ta iya haifar da amsa biyu, kuma kuskurensu da daidansu kama ɗaya suke yi a ido. Abin da ya sa ke nan Stack Overflow, dandalin tambaya da amsa na masu rubuta kod, ya hana saka amsoshin ChatGPT a watan Disamban 2022: suna da sauƙin samarwa, suna da kyan gani, tantance su kuma sai masani ya zauna.

Malama mai aikin fassara, Rikkos: Ni kullum ina amfani da irin waɗannan manhajojin, kuma ba zan ɓoye cewa suna rage mini rabin wahalar rubutun farko ba. Google Translate ya saka Hausa tun 2013, an kuma samu ci gaba ƙwarai. Amma wanda bai san bambancin kaya da ƙaya ba, idan aka sauke masa ƙugiya ɗaya ba zai lura ba, kuma karin magana ba safai take tsira ba. A 2023 ma wata kotun tarayya a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙirƙira, ba su bincika ba. Abin da ya fi damuna, ɗana, shi ne: ka kwafa sunayen masu bashin kawunka na ainihi ka zuba wa injin da ya rubuta maka kod ɗin? Dokar kare bayanan mutane ta Najeriya ta 2023 ba ta bar ƙananan masu haɗa manhaja a waje ba.

Ɗalibi: Malama, na zuba guda ashirin don gwaji, ban yi wannan tunanin ba. Amma har yanzu ina kan bakana cewa wata shida ya yi yawa, musamman ga wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa, yana kuma jiran a kawo wuta kafin ya yi caji.

Injiniya: A kan tsawon lokacin za mu iya sasantawa, wataƙila wata uku ya wadatar. Ka kawo kwamfutarka Bukuru ranar Asabar bayan azahar, mu kashe intanet, in nuna maka layin da ya kori Ɗanladi, kai kuma ka nemo wanda ya cinye sifilin.