Yaya ake sa mutane su bi maganarka alhali ba kai ne shugabansu ba?

Ɗan_Birni

Salamu alaikum ƴan uwa, shawara nake nema don Allah. Ina aiki wani ɗan kamfani nan Damagaram, muna da manhajar waya da masu butik ke rubuta bashi da kayan da suka shigo a ciki maimakon kaye. An ba ni shef de furodwi, wato ni zan ce ga abin da za a fara ga abin da zai jira. A takarda ke nan fa. A zahiri ba kowa ƙarƙashina, masu kod, wato masu rubuta manhajar, na da shugabansu kuma yana Yamai, ya girme ni nesa ba kusa ba, ƴan talla na bin darakta, kontabul kuwa sai Allah. In na ce a fara gyara matsalar rezo, don masu butik na Mirya da Magarya kullum kuka suke manhajar ba ta buɗewa in intanet ya yi rauni, sai a ce mini to, sati ya zagayo in tarar an yi wani abu daban saboda darakta ya turo murya a WhatsApp da dare. Ban son zama mai kai ƙara ban kuma son zama hoto. Waɗanda suka taɓa irin wannan aiki yaya kuka yi har aka saurare ku?

Yaya_Zango

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka kwantar da hankalinka, haka aikin yake ko'ina, alhaki gare ka amma sanda na hannun wani. Ko a Toyota babban injiniyan da ake ɗora wa mota guda shi ke da alhakinta tun daga zane har ta shiga kasuwa, amma yawancin injiniyoyin da ke aikinta kowa na da shugaban sashensa, da lallashi da sanin aiki yake tafiya da su.

Na daɗe a wani kamfanin tura kuɗi, kuma abu guda zan gaya maka ka riƙe shi da kyau, kar ka shiga taro da maganar da babba zai fara ji a gaban yaransa. Ko gaskiya gare ka zai ƙi ta, ba don ba ta da kyau ba, girmansa yake tsaro. Kamar neman aure ne, kafin manya su zauna kan tabarma an riga an gama maganar sadaki ta bayan gida. Mutumin Yamai ɗin nan ka kira shi kai da shi, ba a gurup ba, ka gaishe shi yadda ya kamata ka tambayi iyali, sannan ka ce Malam ga abin da masu butik ke faɗa, in kai ne ta ina za ka ɓullo masa. Zai ba ka hanya, wataƙila ma ta fi taka, ranar taro kuma ka ce kamar yadda Malam ya nuna mini. Daga nan shi zai riƙa kare maganar don ta zama tasa. Wasu na ganin wannan fadanci ne, ni ban gani ba, sunan wa aka kira bai dame ni ba in dai mai butik ya samu abin da yake so.

Kod_da_Shayi

Bari in yi magana daga wancan ɓangaren tunda ni mai kod ne. Abin da ya fi ba mu haushi shi ne mutum ya zo ya ce ku sa mini maɓalli kore a nan, ba dalili ba komai, kamar mu teloli ne aka kawo wa yadi. Kawo mana matsalar ka bar mana maganinta. Ka je Kasuwar Dole ka zauna wajen mai butik ka ga da idonka, mutum ya zo karɓar sukari da taliya bashi, mai butik ya ciro waya, abu na ta juyawa na ta juyawa, layi ya taru, sai ya ajiye wayar kan buhun shinkafa ya jawo tsohon kayensa ya rubuta da bik. Wannan in ka ɗauko mana shi a bidiyo wallahi ba sai ka yi dogon bayani ba, mu da kanmu za mu ce a sa manhajar ta riƙa ajiye komai cikin waya sai rezo ya dawo ta tura. Kunya ma kaɗai ta isa.

Sannan maganar muryar darakta, nan ne za mu san ko kai namu ne. A tsarin Scrum, wato wata hanyar tsara aikin masu kod, ana yanka aiki ne zango zango, yawanci sati 2, kuma in an fara zango ba a sauya manufarsa a tsakiya. In ka iya tare mana saƙon dare ka ce a bari zango ya ƙare, ko sau ɗaya ne, za ka ga yadda za mu bi ka.

Baban_Sabongari

Ni dai ban yarda da rabin abin da ake faɗa ba. Gaisuwa da lallashi duk suna da kyau amma yaron nan matsalarsa darakta ne ba mutumin Yamai ba. Wanda ya naɗa ka shi ke zagaye ka, to lallashin wa za ka yi? Ka je ka same shi ka ce Alhaji ko dai aikin nan nawa ne ko ba nawa ba, a rubuta. In bai yarda ba ka nemi wani wuri tun da sauran ƙuruciyarka.

Yaya_Zango

Baba da girmanka, amma in ya je da wannan murya ranar zai kwashe kayansa, kuma ka san aikin irin wannan ba a kan hanya yake ba a garin nan. Darakta ba a ce masa a'a, farashi ake nuna masa. Ƙanena in ya turo murya ka amsa da safe ka ce ranka ya daɗe na ji, za a yi, sai dai in muka ɗauki wannan yanzu gyaran rezo zai koma wata mai zuwa, wanne ka fi so a fara? Ka bar shi ya zaɓa da bakinsa, kai kuma ka rubuta abin da ya zaɓa ka tura wa kowa a gajarce. Yawancin masu kamfani ba mugunta ba ce, ba sa ganin abin da ke faɗuwa ne in sun ɗora sabo, kuɗinsu ne kuma ke ƙonewa.

Rubutun nan kar ka raina shi. Jeff Bezos, wanda ya kafa kamfanin Amazon, tun 2004 ya hana PowerPoint, manhajar nan ta haska bayani a allo, a tarukan manyan kamfanin, sai dai a rubuto bayani shafi 6 a zauna a karanta shiru kafin kowa ya buɗe baki. Kai ba ka buƙatar 6, shafi ɗaya ya isa, ga matsala, ga wanda ta shafa, ga abin da za mu yi, ga abin da ba za mu yi ba yanzu. Layin ƙarshen nan ya fi sauran amfani.

Kod_da_Shayi

Ƙari kan maganar Yaya, hujjar kasuwa tana juya manya fiye da yadda ake zato. M-Pesa, hanyar tura kuɗi ta waya ta Kenya da aka buɗe a 2007, ai da farko don biyan bashin ƙananan masu rance aka gwada ta, sai aka lura mutane na tura wa juna kuɗi da ita, aka bar tsohon tunani aka bi abin da mutane ke yi. Amma Baba ma na da gaskiya ta wani gefe, in ka yi duk wannan wata da watanni ba abin da ya motsa to ba kai ne matsalar ba.

Ɗan_Birni

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da kiran Malam gobe in sha Allahu. Maganar bidiyon ce ke ɗan ba ni tsoro, masu butik za su yarda kuwa a ɗauke su?

Kod_da_Shayi

Wasu za su yarda wasu za su zaci daga ofishin haraji kake, don haka ka je da wanda suka sani cikin ƴan tallanku. Ka nemi izini tukuna, hannu da waya kawai za ka ɗauka ban da fuska, kuma kar kyamara ta hau kan kayen bashi don sunayen mutane ne a ciki, a nan wani ya ji an ga sunansa cikin masu bashi magana ce babba. Kar ka je ranar kasuwa kuma, ba mai lokacinka, ka bari sai bayan azahar lokacin da ciniki ya lafa.