In dogara da bayanan GBIF ko in hau Mambila?

Ɗaliba_Samaru: Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu kan yaɗuwar Parmotrema tinctorum a Najeriya, gansakukar nan mai launin toka da ke shimfiɗuwa a ɓawon itace. Na sauke bayanan samfura daga GBIF, rumbun bayanan halittu na duniya da ke intanet, ɗigon kan taswira ba su da yawa. Kuɗina ba zai wuce abu ɗaya ba: ko tafiya Mambila sau ɗaya, ko sayen kayan gwaji. Wanne zan yi?

MaiTaswira: Wa alaikis salam. Fara tace ɗigon tukuna. Duk wanda ya faɗa daidai digiri 10 arewa, 8 gabas, ki yi zarginsa, galibi takardar samfurin "Nigeria" kawai ta ce, aka jefa shi tsakiyar ƙasa. Sai maganar 1961. Samfurin da aka tsinko a Bamenda ko Buea kafin nan yana iya fitowa a lissafin Najeriya, alhali yau Kamaru ne. Na Mambila kuma kina iya ganin an rubuta masa Kamaru, domin yankin sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta wannan shekarar ya zama Najeriya. Ki karanta hoton takardar da idonki.

Dakta_Sinadari: Taswirar me, alhali ba a tabbatar da sunan ba? Malama, kankare saman da reza har farin cikin ya bayyana, ki ɗiga bilic sabo. Tinctorum ja yake yi nan take, sannan ya dushe. Ɗan'uwansa P. austrosinense ma ja yake yi, bambancin a madubin ƙara girma ne: tinctorum ƙananan tsinkaye ne a samansa, shi kuwa gari ne a gefen leɓensa. Ki kuma ɗiga ruwan sinadarin KOH (potassium hydroxide) kashi 10 cikin ɗari, idan ya yi rawaya ya koma ja, kin shiga wajen wani ɗan'uwan nasu, P. reticulatum. Bilic da ya daɗe a buɗe ƙarya zai yi miki.

Ɗan_Sabongari: Gansakuka har da digiri? Randar gidanmu na nan, ki zo ki kwasa kyauta, ki haɗa da wanke ta.

MaiTaswira: Bilic na ɗari biyar da KOH kaɗan sun ishe ta, ta yi tafiyarta.

Dakta_Sinadari: Ɗari biyar a wace kasuwa? Kuma ɗiga bilic da KOH ba ya maye gurbin TLC, gwajin da ke rarrabe sinadaran gansakuka a kan faranti. Kwalin faranti 25 kaɗai zai cinye kuɗin motar Gembu da ke Mambila, ban da asiton. Kai taswira ka sani, ka bar mana wannan.

TsohonMaiAjiya: Ku bar gardama, ita tafiyar ma ina amfaninta idan ajiya ta lalace? Ga yadda samfura ke mutuwa a wani ɗakin ajiya da ba zan faɗi sunansa ba. Ɗalibi ya zuba su ɗanye a leda, kwana uku sun yi fumfuna. Wanda ya tsira a danne shi a matsi kamar ganye, ya farfashe. Ambulan takarda ake so, a shanya a inuwa, a sa a firiza mai sanyi 20 ƙasa da sifili na wasu kwanaki saboda ƙwari. Ina wutar? Takardar kuma "Taraba, kan bishiya". Wace bishiya? Tsawon wurin nawa? Ngel Nyaki da Jalingo duk Taraba ne, amma ɗaya daji ne mai hazo a kan tsauni, ɗaya zafi. Ba lambar mai tsinka, ba kwanan wata. Gara ta ci rabin ambulan, sauran an ba da aro ba a dawo da su ba.

Ɗaliba_Samaru: Allah ya saka da alheri Baba. To in tafi ke nan?

Ɗan_Sabongari: Wanda ya ara ai ya fi gara imani, shi bai cinye ba.

Dakta_Sinadari: Aron ma da sauƙi. Tsofaffin samfuran yankin nan da yawa suna Landan, mu da itacen ke bayan gidanmu sai mun rubuta wasiƙa mun jira hoto.

TsohonMaiAjiya: A dawo da su a sa a ina, Dakta? A kabad ɗin da gara ke ciki?

MaiTaswira: Hoton ma idan ya zo, sau da yawa takardar ce ta fito sarai, saman gansakukar ba ya ganuwa. Akwai wanda ya san inda ake ɗaukar hoton samfuri da sikeli a gefe a nan Zariya?