Waɗanda suka zauna inda ake Sifaniyanci, ku zo mu ji yadda kuka ƙare da yaren titi

Ɗalibi daga Zariya
Assalamu alaikum jama'a. In Allah ya yarda watan Satumba zan wuce Garanada ta ƙasar Sifaniya karatun digiri na biyu, yau wata takwas ke nan ina fama da manhajar koyon yare ta Duolingo da wani littafin nahawu har na fara jin kaina wani shege, sai shekaranjiya na kunna hirar da aka yi da wasu 'yan ƙwallo bayan an tashi wasa, wallahi banda gracias ban tsinci komai ba, kamar ba yaren da nake haddacewa ba. To don Allah waɗanda suka zauna can, ko Kuba ko Meziko ko ma ina ne, wace kalma ce ta fara ɗaure muku kai ko ta ba ku kunya? Fassarar ƙamus ina da ita, abin da ya same ku nake son ji.

Bakano a Madrid
Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya sa a je a sa'a. Ni tío ce ta fara yi min. A littafi ai tío kawu ne ko baffa, to satina na farko ina tsaron shagon wani ɗan'uwa a Lavapiés sai wani yaro da bai fi shekara 15 ba ya shigo yace min tío kaza tío kaza, na ce a raina kai yaran nan akwai tarbiyya, ji yadda yake ce min kawu. Har na ƙara masa alawa kyauta. Bai fita ba abokinsa ya shigo, shi ma ya ce masa tío, wata yarinya ta biyo su suka ce mata tía. Ashe "kai mutumina" ne kawai, babu wani girmamawa a ciki, alawata ta tafi a banza. Kai dai kar ka ce wa malaminka ko ɗan sanda tío.

Sai vale, da b ake faɗinta, bale. Ita ce "to" ɗinmu sak. To na ji, to shi ke nan, to ya isa, duk vale ce. In za su ajiye waya sai ka ji vale vale venga vale taluego, wannan taluego ɗin hasta luego ce aka cinye mata kai. Abu in ya yi kyau guay ne, ko su ce mola, in ya lalace ko yana da haɗari chungo. Riƙe waɗannan tukuna.

Ɗan Damagaram, Almeriya
Malam Garanada za ka je ko? To ka ajiye abin da ka koya gefe guda, kudu za ka, su mutanen kudu rabin kalma suke faɗi su haɗiye rabi. Ni shekara shida ina aikin gonakin leda wajen El Ejido da Roquetas, tumatir da tattasai da kokwamba, ban taɓa shiga aji ba, a bakin mai duba aiki na koya, encargado muke ce masa. Ba sa faɗin s ɗin ƙarshe, d ɗin tsakiya ma sun yar da ita, cansado ta koma cansao, pescado pescao, para ta koma pa, todo to. Ka ji an ce "to pa na" to todo para nada ne, wato duk wahalar banza, kuma mun sha faɗinta ranar da kasuwar tumatir ta faɗi.

Aiki ba trabajo za ka riƙa ji ba, curro ne, yin sa currar. Kuɗi pasta, e taliyar dai da ka sani. Yuro kuma pavo. Ranar farko da wani abokin aiki yace in ranta masa cinco pavos na duba a waya na ga pavo talotalo ne, na tsaya ina kallonsa, ni da ko kaza ba ni da ita ina zan samo talotalo biyar, dariya har da faɗuwa cikin shuka.

Mu 'yan Nijar kuma Faransanci na taimakonmu sosai amma yana kai mu rami. Da sanyi encargado ya zo yana jan hanci yace estoy constipado, na ce ikon Allah dattijo kamar wannan yake gaya mini bayan gida ya ƙi fita, har na ba shi shawara ya ci gwanda. Ashe mura yake nufi.

Maman biyu, Balensiya
Ni nawa ba na dariya ba ne da farko, kuka na yi. Ban fi wata huɗu da zuwa ba na haihu, lokacin abin da na iya bai wuce gaisuwa da sunayen dabbobi da launuka da nake koya a waya ba. Ranar na kai jaririn awo, muna jiran lif a gidan da muke haya sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta leƙa cikin keken, ta dafa ƙirji tana murmushi ta ce ay qué mono. Ni kuwa mono na san shi sarai, biri ne, hotonsa ma na gani a darasi. Jikina ya ɗauki rawa, na fizge keken na fasa shiga lif ɗin na sauka ta matakala da jego da komai, na kira Abban yara a wurin aiki ina kuka na ce ni gida zan koma Kaduna, ƙasar da za a kalli ɗan kwana ashirin a ce masa biri ba zan zauna ba. Ya yi shiru sannan ya ce ta yaya ta faɗa, na maimaita masa, sai na ji yana ƙoƙarin danne dariya wanda ya ƙara ƙona min rai. Wai qué mono "kai tubarkalla, ji kyakkyawa" ne, haka suke ce wa jariransu, har riga ko jaka in ta yi kyau su ce qué mona. Ban yarda ba sai da na ji da kunnena a asibiti wata na faɗa wa jaririn wata Baturiya fari sol. Kunya kamar in nutse. Na yi cincin na kai wa tsohuwar, ban iya yi mata bayani ba ita ma ba ta tambaya ba, yanzu ita ke riƙe min ƙaramin in zan je kasuwa.

Madridista na Fagge
Anti ki yi haƙuri amma ai ba ki yi laifi ba da kika zargi abin. A garin nan naku ne fa a 2023 aka yi ta yi wa ɗan ƙwallo Vinícius ihun mono a filin Mestalla har aka tsayar da wasa, duk duniya ta gani. Kenan kalmar zagi ce.

Maman biyu, Balensiya
Ƙwarai an yi, ina garin, kuma ba zan ce maka babu masu wariya ba, na gamu da su. Kalma ɗaya ce amma fuska biyu gare ta. In an ce qué mono da murmushi yabo ne, in aka jefe ka da mono tsurarta ana nuna ka, wannan zagi ne kuma kar ka yi shiru. Shi ya sa nake ce wa mai tambaya ya riƙa kallon fuska da murya kafin ya hau dokin zuciya irina.

Na manta ma, ku hana yaranku kwala kiran Kaka a cikin mota. Babban nawa ya karɓi waya a bas yana ihu Kaka Kaka ina kwana, duk motar aka juyo, yara na ƙyalƙyala dariya. Caca kashi ne a wajensu. Baba kuma yawun da ke dalala ne. Yanzu a waje Hajiya yake ce mata.

Ɗan Damagaram, Almeriya
Hajiya gaskiyarki. Mu ma a nan moreno suke kiranmu, wato mai duhun fata, oye moreno, wani da zuciya ɗaya yake faɗi don bai san sunanka ba wani kuma da raini, a murya kake ganewa. Moro ce dai ban taɓa jin ta fito da alheri ba in suna maganar 'yan Maroko.

Likita, tsohon ɗalibin Kuba
Ni a Habana na yi karatun likita, shekarar farko kusan duk koyon yare ce, amma Sifaniyancin aji daban na layin burodi daban. Gaisuwar samari asere qué bolá, wato mutumina ya ake ciki, kuma can aka gaya min ita asere ɗin daga wajen Kalaba ta je tare da bayin da aka kwasa, har yau akwai ƙungiyar Abakuá da tushenta ke komawa can. Bas kuwa guagua ce, da na fara ji na ce yau ga agwagwa ta zama mota, kuma yadda take tafe tana rangaji cike da mutane sunan ya dace da ita. Aiki pincha, ci jamar, baƙo musamman Ba'amurke yuma.

Kunyata a kasuwa na sha ta. Na ga gwanda na ce wa matar ina son papaya babba, mazan da ke wurin suka fashe, ita ta harare ni. A Habana wannan kalmar gaban mace ake nufi, gwanda fruta bomba ake cewa. Kuma ga wata da za ta shafi mai zuwa Sifaniya, coger. A Sifaniya da Kuba kama ko ɗauka ce, coger la guagua kullum muke faɗi ba komai, amma abokan karatunmu 'yan Meziko da Ajantina in suka ji sai su riƙe ciki, a wajensu kwanciya da mace ce, kuma ta batsa. To ka saba da tomar ko agarrar in kana tare da su.

Injiniya mai yawo
Aiki ya kai ni Kolombiya wata uku. Safiyar farko a ofis wata mata ta zo da tire ta ce ¿un tinto? Ni kuma na taɓa zama Basalona, na san tinto jar giya ce, na ce a'uzubillahi ƙarfe takwas na safe, na ce mata ni Musulmi ne ba na sha. Ta yi min kallon mamaki ta tafi. Kwana huɗu ina ƙi sai na lura kofi ne baƙi a ɗan ƙaramin kofi, haka suke kiransa. Can aboki parce ne, abu mai kyau chévere ko bacano, kai Bakano a Madrid ga sunanka nan ashe yabo ne.

Meziko kuma sati biyu kawai na yi amma ahorita ta koya min hankali. Ƙamus zai ce maka yanzu-yanzu, direba yace min ahorita ƙarfe tara bai zo ba sai sha ɗaya. Daidai take da "ina zuwa" ta tela ana gobe sallah. Samarinsu kuma kowace jimla sai sun sa güey, wey ake ji, kamar yadda muke wai wai.

Bafulatanin Gombe
Ni a Malabo na koya, kasuwanci ya kai ni, Hausawa na nan da yawa da masallatansu, yaransu Sifaniyanci kamar ruwa. Abin da ya fara ba ni haushi ina zaune sai in ji ana fulano kaza fulano kaza, na ce to mutanen nan me Fulani suka yi musu da ba su da zance sai namu. Har na yi wa wani magana. Ashe fulano "wane" ne, wane da wane fulano y mengano. Amma kar ka kuskura ka ce wa mace fulana, karuwa ake nufi wani lokacin.

Malamin Arabiyya
Ai wannan fulan ce ta Larabci, fulanun. Musulmi sun yi mulki a Andalus daga 711 har 1492 da Garanadar da za ka ta faɗi, kalmomi sun maƙale. Ojalá da za ka ji suna faɗi in suna fatan abu, sunan Allah ne a ƙarshenta. Alcalde magajin gari daga alƙali take, tushensu ɗaya da namu, hasta kuma hatta ce. Shawarata guda, akwai hostia da za ka ji a bakin kowa in ya yi mamaki ko ya fusata, asalinta burodin ibadar coci ne, wasunsu na jin zafinta, kar ka ɗauka don ka ji tana da daɗin faɗi. Haka duk zagin da ya fara da me cago en, bar musu kayansu, wani lokacin da sunan Ubangiji suke ƙarasa ta.

Bakano a Madrid
Malam ya tuna min. A Garanada in ka sayi abin sha ko lemo ne sai a haɗo maka da ɗan abinci kyauta, tapa. Kar ka tsaya a sin carne, wato ba nama, don mutane da yawa ba sa lissafa jamón, wato busasshen naman alade, cikin nama, ni an taɓa kawo min wake da gutsattsarinsa a kai mai abincin na rantsuwa babu carne. Ka ce sin cerdo, wato ba alade, sin jamón, sin chorizo, shi ma na alade ne, ka jero su duka. Caña kuma ba rake ba ce a mashaya, ƙaramin kofin giya ne. In ka gaji da tambaya ka hau unguwar Albaicín, akwai babban masallaci da aka buɗe a 2003 yana kallon tsohuwar fadar Alhambra, ƙasa kaɗan ga layin masu shayi na 'yan Maroko.

Ɗalibi daga Zariya
Kai jama'a Allah ya saka da alheri, na cika shafi uku. Anti labarinki har Mama na karanta wa, ta ce a gaishe da tsohuwar. Saura tambaya ɗaya, in ban gane magana ba me zan ce wanda ba na littafi ba, don "no comprendo, repita por favor" da na haddace na ji an ce kamar mutum-mutumi ne ke magana.

Injiniya mai yawo
A Meziko ¿mande? A Sifaniya ¿cómo? ko ¿perdona? ta wadatar.

Ɗan Damagaram, Almeriya
Mu nan ¿eh? kawai muke cewa su maimaita da ƙarfi kamar kurma suke wa magana, ba sa rage gudu ko kaɗan. In ka sauka ka neme ni, tsakaninmu da Garanada bai fi awa biyu a mota ba, ka taho min da yaji da kuka don Allah, kuɗin in ba ka a pavos.

Ɗalibi daga Zariya
Vale tío.

Ɗan Damagaram, Almeriya
Kai yaro, ni sa'an babanka ne fa.