Shawarwari Kan Yadda Kirista Zai Riƙe Kuɗinsa

A wata tattaunawa da aka yi kan yadda Kirista zai riƙe kuɗinsa, mahalarta sun amince cewa dukiya amana ce a hannun mai bi, don haka ya dace ya riƙa rubuta abin da yake samu da abin da yake kashewa. Bashi ne ya fi ɗaukar lokaci, kuma ya cancanci hakan: an kafa hujja da Karin Magana 22:7, wadda ta kira mai cin bashi bawan mai ba shi, sannan aka ba da shawarar fara biyan bashin da kuɗin ruwansa ya fi yawa. Ushiri kuwa ya raba kawuna, domin wasu sun riƙe Malakai 3:10, wadda ta ce a kawo dukan ushiri, wasu kuma suna ganin 2 Korantiyawa 9:7 ta bar kowa ya bayar gwargwadon abin da ya ƙudurta a zuciyarsa.