Maƙwabciyata ta rasa 'ya'ya uku a gobara, na rasa ta inda zan fara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don tun ranar Talata barci ya ƙaurace mini. Gobara ce ta tashi a gidan maƙwabtanmu a nan Kano, katanga ɗaya ce tsakaninmu. An ɗauke wuta da magariba hitar ruwa tana cikin bokiti, aka manta ba a cire ba, wajen ƙarfe 2 na dare aka dawo da wutar. Maigidan direba ne, yana hanya. Matar tasa tana ɗaya ɗakin da jaririya. Kafin maza su ɓalle rodin taga, hayaƙi ya gama da yara uku, babbar shekararta 9.

Yau kwana shida. An yi sadakar uku, jama'a sun fara watsewa. Tana ɗakin uwar mijina, ta jingina da bango, ko kuka ba ta yi. Magana ɗaya take maimaitawa: "Ni na jona ta." Jiya na tarar da ita riƙe da silifa ƙafa ɗaya ta ƙaramin, wadda aka tsinta a bakin ƙofa. In na hura gawayi a tsakar gida sai ta miƙe a firgice. Mijin kuwa tun da ya dawo yana kan tabarma a ƙofar gida, bai shigo sun haɗa ido ba. Me zan ce mata? Ta yaya zan taimaka ba tare da na fama mata ciwo ba?

Wata uwa daga Zariya: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya sa masu ceto ne. 'Yar uwa, ni na binne ɗa, shi ya sa zan gaya miki abin da ya fi ci mini rai lokacin: masu shigowa gaisuwa su ce "garin yaya?" Kowa sai na ba shi labari daga farko, kamar ana sake yanka ni. Ki zama ƙofa gare ta. Duk wadda ta zo, ki tare ta a tsakar gida ki ba ta labarin da kanki, ta shiga ta ce "ya haƙuri" ta yi addu'a ta fito. Ke kuma ba sai kin nemo magana ba. Ki zauna kusa da ita, ki karɓi jaririyar, ki miƙa mata kunu mai ɗumi ko cokali uku ne, tunda tana shayarwa. Silifar nan kada kowa ya ƙwace mata. Rigar ɗana har yau tana ƙasan akwatina.

Wani malami: Allah Ya ba su dangana. A tuna mata hadisin Jabir bin Atik da ke cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, inda Annabi (SAW) ya lissafa wanda gobara ta kashe cikin shahidai. Akwai kuma hadisin Abu Musa a Tirmizi, cewa bawan da aka karɓi ran ɗansa ya gode wa Allah ya yi istirja'i (wato ya ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un), za a gina masa gida a Aljanna mai suna Baitul Hamdi. Sai dai a zaɓi lokaci, kada a mai da ɗakin wurin wa'azi. In hawaye ya zo mata a bar ta. Manzon Allah da kansa ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Batun abinci kuma nauyinku ne ku maƙwabta, kamar yadda ya yi umarni a dafa wa iyalan Ja'afar bayan ya yi shahada a Mu'uta.

Wata ma'aikaciyar jinya: Malam ya yi gaskiya, zan ƙara abu ɗaya. Kalmar nan "ni na jona ta" ita ta fi tayar mini da hankali. Kada ku bar ta ita kaɗai, musamman da dare, kuma ku kawar da magunguna da fiya-fiya daga ɗakin. In kika ji ta ce gara ta bi su, ko ta ƙi abinci gaba ɗaya, ko ta daina kula jaririyar, ku kai ta asibiti ranar, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano, akwai na Dawanau. Ba hauka ba ne, firgici ne, kuma ana maganinsa. Ita da jaririyar ma a duba ƙirjinsu, tunda sun shaƙi hayaƙi. Girkin gawayin ki mai da shi gidan wata maƙwabciyar zuwa wani lokaci.

Wani ɗan uwa daga Maraɗi: A turo hotunan gidan da lambar asusu, mu yaɗa a tara musu.

Uwar Zariya ta sake cewa: Don Allah kada a yaɗa hoto. Wata rana za ta buɗe waya ta ci karo da ɗakin 'ya'yanta a ƙone. A tara ta hannun limamin unguwa, mai unguwa kuma ya rubuta wa hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha. Abin da suke bukata yanzu bargo ne da zannuwa da kayan jaririya, ga sanyin nan, sai kuɗin hayar ɗaki a wata unguwar in suna so.

Wani magidanci: Kowa na maganar uwar, an manta da uban. Namiji ana ce masa "ka yi ta maza" sai ya haɗiye, abin ya dawo ya zama zargi tsakaninsa da matarsa. Ki sa maigidanki da liman su zauna da shi bayan isha'i, su lallaɓa shi ya shiga wurinta. Ko "Allah ne Ya ƙaddara, ban riƙe ki ba" kaɗai ya furta, ta fi mata maganar mutum ɗari.

Mai neman shawara: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Maigidana ya yi wa liman magana, za su same shi yau da dare. Mu mata biyar mun raba kwana, kowa da ranar girkinta da ranar kwana a ɗakin har zuwa arba'in. Ɗazu na karɓi jaririyar zan yi mata wanka, sai ta ɗago ta ce in gwada ruwan da gwiwar hannu kada ya yi zafi. Ita ce magana ta biyu da na ji daga bakinta tun ranar Talata.