Aikin lambatu ya koma rigimar jam'iyya a layinmu, ina mafita kafin damina?

Ma'ajin Layi ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda zai zo da zagi ya wuce abinsa, wanda nake sha a unguwa ma ya ishe ni.

Ina zaune a wani layi a Dorayi, cikin ƙaramar hukumar Gwale a Kano. Layin namu gangare ne, duk ruwan da ya sauka a babban titi kanmu yake kwararowa. Lambatun ya cike da yashi da ledar fiya wata, kwalbatin bakin layi kuma ya rufta tun da wata tifa ta bi ta kansa. Bara cikin watan Agusta ruwa ya shiga gidaje, har katangar wata baiwar Allah mai riƙe da marayu ta zube. Bayan damina muka zauna a ƙofar masallaci bayan sallar isha'i, aka kafa kwamiti, aka yanka wa kowane mai gida naira dubu goma, 'yan haya dubu biyar. Aka ba ni ajiyar kuɗi saboda ni malamin makaranta ne, wai na iya rubuta lissafi. Kuɗi sun taru sun ɗan haura rabin abin da birkila ya ce.

Ana cikin haka wani ɗan siyasa na ɓangaren jar hula, wato Kwankwasiyya, ya aiko yaronsa, ya ce zai ba da siminti da tifar yashi, amma a kafa allo da sunansa a bakin layi, a kuma shafa wa kwalbatin fenti ja da fari. Matasa suka yi ta murna. Sai wani Alhaji da ke kan kwana ya miƙe ya ce wallahi in aka shafa jan fenti a ƙofar gidansa a dawo masa da kuɗinsa. Shi Alhajin nan yana cikin waɗanda suka rasa shago a rusau ɗin Filin Idi na watan Yunin 2023, kuma har yau abin bai bar ransa ba. Kwana biyu sai ga shi da nasa ɗan siyasar na APC, wai shi zai ba da rodi, shi ma da nasa allon.

Daga nan maganar lambatu ta mutu. A zauren WhatsApp na layi yanzu ba abin da ake yi sai tone-tone: wa ya ci zaɓen 2023 da gaske, me ya sa kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta ba Gawuna, me ya sa Kotun Ƙoli ta tabbatar da Abba a Janairun 2024. Da wani ya ce a rubuta takarda ta hannun mai unguwa zuwa ga hakimi, sai wani ya tambaya, hakimin wane sarki, na Gidan Rumfa ko na Gidan Nasarawa? Ranar sai da liman ya fita daga zauren. Teburin mai shayinmu yanzu benci biyu ne, kowa da inda yake zama. Makon jiya an yi suna a gidan ɗaya daga cikin matasan, mutanen Alhaji ba wanda ya je ɗaukar goro.

Mutum shida sun ce in mayar musu da kuɗinsu. Siminti kuma kullum ƙara tsada yake. Shin in mayar wa kowa kuɗinsa in huta, ko in karɓi kayan ɓangare ɗaya a yi aikin ko da wasu za su yi fushi?

Dattijon Fagge ya amsa:

Wa alaikumus salam malam. Kada ka mayar da kuɗin nan. Ranar da ka fara mayarwa, aikin ya mutu, kuma ba za a sake tara ko sisi a layin ba sai bayan shekaru.

Ku yaran yanzu kuna ganin kamar yau aka fara irin wannan a Kano. Mu mun ga zamanin Santsi da Taɓo. Jam'iyya ɗaya ce fa, PRP, ita ta kawo Abubakar Rimi gwamna a 1979, amma ta dare biyu, masu bin Rimi ana ce musu 'yan Santsi, masu tsayawa da Malam Aminu Kano ana ce musu 'yan Taɓo. A layinmu na Fagge akwai wa da ƙani, uwa ɗaya uba ɗaya, da suka daina cin abinci a kwano ɗaya a kan haka. Rigimar sarauta ma ba sabuwa ba ce. Rimi ya ƙirƙiro sababbin masarautu, ya aika wa Sarki Ado Bayero takardar tuhuma, gari ya kama da wuta ranar 10 ga Yulin 1981, aka kashe mai ba Rimi shawara Dakta Bala Muhammad. Da Sabo Bakin Zuwo ya hau a 1983 ya soke masarautun. Sai ga Ganduje ya sake yin huɗu a 2019, Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, aka cire Sarki Sanusi a Maris ɗin 2020, aka dawo da shi a Mayun 2024. Manyan nan suna ɓatawa suna shiryawa, ka gan su a ɗaurin auren 'ya'yansu suna raha. Wa da ƙanin da na gaya maka kuwa, sai a makabarta ɗayan ya yi kukan ɗan'uwansa.

Abin da zan ce ka yi: ka bar WhatsApp ɗin nan, ba a sulhu a cikinsa, mutum yana kwance a kan katifarsa yana rubuta abin da ba zai iya faɗa a gaban mahaifin abokin faɗansa ba. Ka ɗauki liman da mai unguwa da dattijo guda daga kowane ɓangare, ku je wa Alhaji har zaurensa bayan la'asar. Mutumin da aka rushe wa shago ba da hujja ake fara masa magana ba, jaje ake fara yi masa. Ina kyautata zaton a cikin matasan da ke masa dariya babu wanda ya taɓa ce masa Allah ya mayar da alheri.

Maman Ummi ta amsa:

Ni dai dariya ma abin ya ba ni, dariyar takaici. Malam, a kwamitin naku mace nawa ce? Na san amsar. Ranar da ruwa ya shigo, ku kuna masallaci ko majalisa, mu ne muke kwashe shi da bokiti da tsakar dare, mu ɗaga buhun shinkafa kan kujera, mu shanya katifa kwana uku tana wari. Sauro ya cinye yara, mu ne a layin asibiti. Amma launin fenti ne ya dame ku.

A unguwarmu ta Kurna da maza suka tsaya irin wannan jayayya a kan gyaran famfon burtsatse, matan layi muka zuba adashi, muka kira mai gyara da kanmu, muka biya. Da suka ji kunya sai ga su da gudummawa. Ka aika matarka ta zaga gidajen mutum shidan nan ta yi magana da matansu. Ka ga ko Alhaji zai iya cewa a dawo da kuɗi bayan Hajiya ta tuna masa kafet ɗinta na bara.

Ɗan Layinku ya amsa:

Malam ma'aji, na gane layin nan sarai, kuma kai ma za ka gane ni, ni ne mai gyaran waya. Tunda ka kawo maganar nan waje, to ka faɗe ta duka.

Ba ka gaya wa mutane cewa Alhaji ya fitar da baranda da matakala a kan lambatun ba, ya liƙe shi da kankare tsawon gaban gidansa gaba ɗaya. Nan ne ruwan yake tokarewa ya dawo baya ya shiga gidan marayun. Birkila da kansa ya faɗa a gabanka cewa in ba a fasa wurin ba aikin banza za a yi. Tun ranar Alhaji ya fara neman hanyar da aikin zai rushe, jan fenti kawai ya samu ya fake da shi. Kafin yaron ɗan siyasar ya zo ma ai ya ce shi ba zai yarda a taɓa masa ƙofar gida ba.

Ni ɗan Kwankwasiyya ne, ban ɓoye ba, hulata tana kaina. Amma wallahi ko fentin tsintsiya za a shafa, in dai ruwa zai wuce, na yarda. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a mayar da mu marasa tarbiyya, shi kuma a mayar da shi wanda aka zalunta. Asarar shagonsa Allah ya mayar masa, ba mu muka tuƙa katafilar ba. Katangar marayu fa, wa zai mayar? Maganar suna kuma da ka kawo, mu muka aika musu da goro har gida, suka dawo da shi.

Baba Dattijo, da girmanka, ka yi haƙuri, amma a layinmu kullum talaka ake cewa ya je ya ba mai kuɗi haƙuri.

Dattijon Fagge ya sake amsawa:

Yaro, ban ce ka ba shi haƙuri ba, jaje na ce. In gaskiya ne ya hau kan lambatu, to dole a fasa, ko shi waye. Amma in kai da jar hularka ka je ka faɗa masa, zai ce siyasa ce, kuma rabin layi za su bi shi. In mai unguwa da liman suka faɗa, ba shi da wurin fakewa. Ka bari waɗanda zai ji kunyarsu su yi maganar.

Birkila Mai Kwalbati ya amsa:

Ni sana'ata ce, bari in sa baki ta ɓangaren aiki. Ba lallai sai an rushe barandar gaba ɗaya ba. Ana yanka kankaren daidai faɗin lambatun, a yashe ƙasan, a gyara gangaren, sannan a zuba silab masu ɗagawa, kowanne da hannun rodi, yadda duk shekara mutum biyu za su ɗaga a kwashe yashi a mayar. Matakalarsa tana nan, motarsa za ta shiga, ruwa kuma ya wuce. Yawancin masu gidan da ke tada jijiyar wuya tsoron kada a bar musu rami a ƙofa ne, in ka nuna musu inda aka yi irinsa sai su sauko.

Kuma ku daina jiran kuɗi su cika. Yasar lambatu ba ta buƙatar siminti, shebur ne da baro da ƙarti. Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli, daga ƙarfe bakwai zuwa goma na safe ba zirga-zirga, kowa yana gida, ku yi aikin gayya. Abu ɗaya: kada ku tara yashin a bakin lambatun ku tafi, ruwan farko zai mayar da shi ciki. Ku tanadi mai kura ko tifa tun kafin ranar. Kuɗin da ke hannunka ka fara sayen rodi da siminti na kwalbatin bakin layi, shi ne mai cin kuɗi, kuma yana son kamar sati uku kafin mota mai nauyi ta hau shi. In ka bari hadari ya fara haɗuwa, ba birkilan kirki da zai zuba maka kankare a cikin ruwa.

Kayan 'yan siyasa kuwa, na yi aiki a unguwanni da yawa, ga abin da na gani: wanda ya yi alkawarin buhu hamsin, in ka ga ashirin ka gode Allah, mai ɗaukar hoto kuma yakan riga simintin isowa. Ku ce wa duka biyun kuna so, a sauke a ƙofar masallaci, liman ya yi musu addu'a da suna bayan sallar magariba, babu allo babu fenti. Mai niyyar taimako zai kawo.

Ma'ajin Layi ya dawo:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Mai gyaran waya, na gane ka. Maganar baranda gaskiya ce, na bar ta ne saboda mai unguwa ya roƙi kada a yayata ta kafin ya gana da Alhaji, kuma da ka zo ka same ni a gida da na gaya maka.

Jiya bayan la'asar mun je da liman da mai unguwa da wani dattijo ɗan ɓangaren Alhajin. An daɗe ana magana a kan shago kafin a zo kan lambatu. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ce a kawo birkila ya nuna masa silab ɗin da idonsa, kuma in za a yanka, kuɗin mayarwa a kan kwamiti. Wannan sharaɗin na san matasa za su yi gardama a kansa ranar Juma'a. Cikin mutum shida masu neman kuɗinsu biyu sun janye, Maman Ummi, ta hanyar da kika faɗa. Zauren WhatsApp na rufe shi, ni da sakatare kaɗai ke iya rubutu, an zage ni a kan haka daga ɓangarorin biyu. Ɗan siyasar jar hula ya ce zai yi tunani a kan maganar rashin allo, na rodin kuma wayarsa ba ta shiga.

Gayya tana nan Asabar ɗin ƙarshen wata in Allah ya kai mu. Malam birkila, lambatun faɗinsa ƙafa biyu ne, gaban gidan Alhaji kuma zai kai ƙafa ashirin da biyar. Silab nawa kake ganin zai ci, kuma wane kaurin rodi za a sa tunda mota za ta riƙa hawa?