Muhawara: Shin har yanzu sabar ƙaramin ofis tana bukatar kebul, ko Wi-Fi ya wadatar?

Hajiya Mai Kemis: Assalamu alaikum. Ina da kemis a Mabera, kuma na ajiye kwamfuta ɗaya a ɗakin baya a matsayin saba, wadda ke riƙe da lissafin magunguna da ciniki, sauran kwamfutoci uku na kanta, wato teburin ciniki, suna ɗauka daga gare ta. Wanda zai yi mini aikin ya ce zamanin jan waya ya wuce, rauta (na'urar da ke watsa Wi-Fi) mai Wi-Fi 6 ta wadatar. Ina neman shawararku kafin in fitar da kuɗi.

Injiniya: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni ina bayan mai aikin naki. Rautar da aka rubuta wa AX1800 a kwali tana da gudun da ya zarce na kebul mai gigabit ɗaya, kuma lissafin kemis ba bidiyo ba ne da zai cika hanya. Ban ga dalilin fasa bango da hawa silin a wannan zafin na Sakkwato ba, alhali na'ura ɗaya a kan kabad ta gama magana.

Baba Mai Gyara: Injiniya, ɗana, lambar kwalin ce ta yaudare ka. Waccan 1800 tara gudun zangunan iska biyu da rautar ke watsawa a kansu aka yi, aka cike lambar, wato megabit 574 na zangon 2.4 da megabit 1201 na zangon 5, kuma kwamfuta ɗaya ba ta hawa zangon biyu a lokaci guda, balle ta sami jimillarsu. Ko 1201 ɗin ma sai kana kusa da rautar, babu bango a tsakani, sannan abin da ke isa hannunka ya yi ƙasa da haka sosai. Abin da ya fi damuna shi ne iska rabawa ake yi, kamar rijiyar unguwa da guga ɗaya: idan wani yana ja, sauran sai su jira. Idan sabar ita kanta tana kan Wi-Fi, kowane bayani sai ya ratsa iskar sau biyu, daga sabar zuwa rauta, sannan daga rauta zuwa kwamfutar teburin ciniki. Kebul na Cat5e kuwa yana ɗaukar gigabit ɗaya har tsawon mita 100, yana aikawa yana karɓa a lokaci guda, kuma ba ya raba hanyarsa da wayar kowa.

Injiniya: Baba, na ji, amma kebul ma ba waliyyi ba ne. A daminar bara na ga ofishin da aka ja musu kebul ta tsakar gida zuwa wani gini, tsawa ta faɗi kusa, ta biyo kebul ɗin ta ƙone suwic, wato akwatin da kebul ɗin kwamfutoci ke haɗuwa a cikinsa, da katin sadarwar sabar. Ga ɓeraye kuma a silin.

Baba Mai Gyara: Wannan gaskiya ce, kuma shi ya sa ba na jan kebul na tagulla tsakanin gine-gine biyu, sai dai faiba, wato kebul mai zaren gilashi, ko eriya biyu masu kallon juna. To amma kemis ɗin Hajiya rufi ɗaya ne. Maganin ɓera kuma bututun roba ne, wanda kuɗinsa bai kai na kiran mai gyara sau ɗaya ba.

Malamin Kwamfuta: Ku ba ni dama in shigo, ranku ya daɗe. Ina ganin an ɗora muhawarar a kan gudu, alhali abin da ke cutar da manhajar lissafi shi ne yankewa. Zangon 2.4 tashoshi uku kawai yake da su waɗanda ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, kuma a layin shaguna irin na Titin Emir Yahaya, idan ka buɗe wayarka za ka ga jerin sunayen Wi-Fi na maƙwabta suna cunkushe a kan waɗannan ukun. Zangon 5 ya fi sarari, sai dai bangon bulo da kankare mai rodi suna rage masa ƙarfi fiye da ɗan'uwansa. Na taɓa tsayawa a bayan wata yarinya mai karɓar kuɗi, ta danna ajiye, da'irar nan ta yi ta juyawa, mai saye yana miƙo hannu yana jiran rasit, daga ƙarshe ta sake dannawa, cinikin ya shiga sau biyu. Sai da aka kwana biyu ana neman inda lissafin ya karkace.

Hajiya Mai Kemis: Wannan shi ne abin da nake tsoro, Malam. To ina laifin a raba, sabar da kwamfutocin kanta su hau kebul, wayoyin hannunmu su zauna a kan Wi-Fi?

Baba Mai Gyara: Haka nake yi wa kowa, Hajiya. Sai dai ki kula da kebul ɗin da za a sayo miki, domin akwai mai araha wanda alminiyon ne aka shafa masa tagulla a sama. A kankare sili ɗaya na cikin kebul ɗin da wuƙa a gabanki, idan cikinsa ya fito fari, a mayar da shi.

Injiniya: Ban sauka daga ra'ayina ba game da kwamfutocin kanta, domin bangon allo ne kawai ya raba su da rautar. Na yarda dai a sa wa sabar kebul. Hajiya, ki bari in zo ranar Asabar bayan La'asar da fayil mai gigabayit 10, mu kwafe shi ta hanyoyin biyu da agogo a hannu.

Baba Mai Gyara: A kan kebul zai ɗauki kimanin minti ɗaya da rabi. Ka zo a lokacin da shagunan maƙwabta suke buɗe, kuma kada ka matso da rautar kusa da teburin ciniki.